Shafin da Nuru Ya Warware da Kunne

Sunansa na yanka Muhammad Nur, amma a gidanmu na Madadi ba mai kiransa haka sai Baffa mahaifinmu, shi ma sai in faɗa zai yi masa. Nuru muke cewa. Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne na huɗu, na ba shi shekara tara, saboda haka a bayana ya yi wayo. Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Kabo, aure kuma ya ajiye ni a Durun. Ban san komai a kan kwamfuta ba sai abin da ya koya mini, don haka in na kuskure a wani wurin, laifina ne.

Kakanmu ne ya fara zama a Madadi da shanunsa. Baffa ya tashi yana noma dawa da gyaɗa, yana riƙe da ragowar garken. Nuru tun yana ƙarami ba ya iya zama wuri ɗaya. Komai nasa da sauri yake, cin abinci, magana, tafiya, har alwala sai Inna ta mayar da shi ya sake. A sakandaren da ya yi a Gwarzo malamai suna yabon kansa, suna kuka da rubutunsa, wai kafin ya gama rubuta kalma ɗaya hankalinsa ya kai ga ta biyar. Daga nan ya tafi Kano ya karanci kwamfuta, ya fito, wani ƙaramin kamfani na wani bawan Allah, Alhaji Muntari, ya ɗauke shi aiki.

Kamfanin manhajar waya yake yi wa malaman dabbobi. Malami zai je ruga ko ƙauye, ya rubuta sunan mai dabba, yawan shanu ko awaki, rigakafin da aka yi musu, da cutar da ya gani, ya aika. Aikin Nuru shi ne rubuta fuskar manhajar, wato abin da mutum ke gani ya taɓa da yatsa: gurbin suna, inda ake zaɓen cuta, maɓallin aikawa. Da yake ɗan makiyaya ne, ya san tambayoyin da za a yi wa Bafulatani ya amsa da waɗanda za su sa ya yi shiru. Alhaji Muntari ya sha faɗa wa mutane cewa aikin da wani zai yi a mako, Nuru a kwana biyu yake gamawa. Ya yi aure, ya kai matarsa Zinnira Kano, suka haifi Kamila.

Ciwon ya shigo ne a hankali. Ya fara ƙorafin ciwon kai, muka ce kallon kwamfuta ne. Sai ya riƙa buge ƙofa da kafaɗa, yana ture kofi a gefen hannunsa. Wata Juma'a yana tahowa wurina a babur daga Gwarzo, ya bi ta kan wani rago da ke tsaye a gefen titi da rana tsaka. Bai ji rauni sosai ba, amma da ya iso ya ce mini wallahi bai ga ragon ba sam. Ni na matsa masa ya je asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cin jijiyar. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma sai dai a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya saura. Aka yi ɗigon magani, aka yi aiki. Cikin shekara biyu abin da ya saura bai wuce bambance haske da duhu ba.

Ya tattaro iyalinsa ya dawo Madadi yana da shekara talatin da ɗaya. Wata huɗu ya yi a zaure. Mutumin da ba ya iya zama, sai ga shi a kan tabarma daga hantsi har la'asar, an jingina kwamfutar cikin jakarta a bayan ƙofa. In an zo yi masa jaje ya amsa da ladabi, in an tafi ya juya fuska bango. Duk Asabar nake zuwa, kuma duk zuwan da zan yi sai na tarar ya ƙara ramewa. Baffa ba mai yawan magana ba ne. Da yamma yakan zo ya zauna kusa da shi ya ba shi labarin shanu ɗaya bayan ɗaya, wacce ta haihu, wacce ke ɗingishi, ko da Nuru bai tanka ba.

A makarantarmu akwai Malam Jibirin, malamin addini, wanda ƙyanda ta makantar tun yana ɗan shekara shida. Na sha ganinsa a ofishin malamai ya kanga waya a kunne yana shafa ta, wata murya tana ta zuba Turanci da sauri kamar ana soya gyaɗa. Ban taɓa tambayarsa ba sai da abin ya zo gidanmu. Ya ce manhaja ce da ke karanta wa mutum duk abin da ke rubuce a waya, kuma akwai irinta ta kwamfuta. Na roƙe shi, ya yarda, maigidana ya kai mu Madadi ranar wata Lahadi.

Bayan doguwar gaisuwa, Malam Jibirin bai yi masa jaje ba. Ya tambaye shi ko yatsunsa sun san inda haruffa suke ba tare da ya duba ba. Nuru ya ce sun sani.

“To ka fi ni,” in ji Malam Jibirin. “Ni sai da na shekara ina lalube. Ɗauko kwamfutar.”

Zinnira ta ɗauko, ta kakkaɓe ta. Shi Malam yana faɗa, ita tana dannawa, har aka sa manhajar. Da kwamfutar ta yi magana karon farko, na ga kafaɗun Nuru sun motsa.

Wata biyu ya yi yana koyon sauraro. Da farko a hankali ya sa muryar, daga baya ya riƙa ƙara mata gudu har ni na daina tsintar kalma ko ɗaya. Ya koyi karanta saƙo da rubuta amsa. Aka haɗa masa ƙaramin faranti mai amfani da hasken rana a kan rufin zaure don caji. Ya fara cin abinci, ya fara yi wa Kamila wasa. Sannan wata Asabar da azahar, ina zaune ina tsinke zogale, ya ce yau zai buɗe aikinsa na da, shafin rajistar dabba, wanda duk kamfanin ke taƙama da shi. Ya rage gudun muryar don in ji.

Muryar ta yi ta karatu. Can sai ta kama maimaita abu ɗaya, tana cewa an rufe baka, an rufe baka, an rufe baka. Na fara ƙirgawa a zuci, na kai sha wani abu na ɓace. Nuru ya tsayar da ita, ya koma sama, ya sake saukowa, ya sake komawa. Ya daɗe yana haka, sai ya janye hannuwansa ya ɗora a cinya.

“Adda, ni na rubuta wannan da hannuna,” ya ce, “amma ban san inda nake a cikinsa ba.”

Na ce ya fahimtar da ni. Ya ce a rubutun fuskar manhaja komai akwati ne. Hoton saniya yana cikin akwati, akwatin yana cikin jeri, jerin yana cikin wani akwatin da ke ba shi tazara daga gefe, shi ma yana cikin wani. Duk akwatin da ka fara sai ka buɗe masa baka a rubuce, wato alamar nan mai kama da bakan maharbi, in ka gama da shi ka rufe. Kuma duk sanda ka shiga wani cikin wani, layin rubutun yana ƙara matsawa dama. Lokacin da yake gani, da kallo ɗaya yake gane wane ne cikin wane. Yanzu sai dai ya riƙe su duka a ka, tun daga na waje har na can ƙurya. Ya ƙirga, a wani wurin ya shiga hawa ashirin da uku. Shafin kuma layi ɗari bakwai ne a dunƙule.

Na tambaye shi me ya sa ya rubuta shi haka. Ya ce sauri. In an ce a ƙara abu, ba ya tsayawa ya nema masa wuri, sai ya buɗe sabon akwati a inda yake ya cusa. Yana aiki, kowa yana yabo, ba wanda ya leƙa ciki.

Na ɗauka ranar zai mayar da kwamfutar bayan ƙofa. Da na dawo Asabar ta gaba na tarar ya kira Alhaji Muntari. Alhaji ya yi masa magana mai daɗi, amma ya gaya masa gaskiya, an ba wata ma'aikaciya, Badi'a, aikinsa tun bara, kuma bai ga yadda mutum zai gyara fuskar da ba ya gani ba. Nuru ya ce ba kujerarta yake nema ba. A ba shi wata ɗaya da wannan shafin kawai, in bai yi amfani ba a watsar. Alhaji ya ce zai tuntuɓi Badi'a. Ita da kanta ta kira shi washegari. Ta ce tun da ta karɓi aikin take tsoron shafin nan, in ta taɓa nan sai can ya lalace, har ta kai in an ce a ƙara wani abu a ciki takan nemi dalilin ɗagawa. Ta ce kunya ce ta hana ta faɗa, tun da kowa na cewa aikin gwani ne.

Ya fara. Yadda ya bayyana mini, abu uku ya riƙa yi. Na farko, ya ciro kowane yanki ya mai da shi abu mai zaman kansa, ya raɗa masa suna. Wurin sunan mai dabba ya zama guda, zaɓen cuta ya zama guda, maɓallin aikawa ya zama guda. Babban shafin sai ya koma jerin sunaye kawai, wanda za ka saurara cikin numfashi biyu ka san abin da ke ciki. Sai akwatunan da ba sa aikin komai, waɗanda ya zuba a da don gyara tazara, akwati cikin akwati cikin akwati alhali ɗaya ya isa, ya riƙa cire su. Akwai kuma sharuɗɗa. Da ya rubuta su ne a jere wani cikin wani: in akwai sadarwa, to in an rubuta suna, to in an zaɓi dabba, to in kaza, sai a can ƙasa a aika. Ya juya su. In babu sadarwa a faɗa wa mutum a tsaya nan. In babu suna a faɗa a tsaya nan. Abin da ya rage sai ya miƙe ɗoɗar. Ya kafa wa kansa doka, ba zai wuce hawa huɗu ba. In ya ji zai shiga na biyar, to lokacin yanka ya yi.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne raɗin suna. Yakan yi rabin sa'a a kan suna ɗaya. Ya ce in ya kasa samun sunan yanki, to bai san aikin yankin ba ne, ko kuma abu biyu ne ya haɗe. Ni da na san Nurun da ba ya gama tauna loma, na zauna ina kallonsa yana juya kalma ɗaya a baki har inuwa ta matsa.

A mako na uku aka saki gyaran, kuma ya faɗo daidai lokacin rigakafin ciwon huhu na shanu. Kwana biyu bayan nan wani malamin dabbobi da ke zagaya ƙauyukan Kabo ya kira kamfani ransa a ɓace. Ya cika bayanan garke goma sha, amma maɓallin aikawa ya ɓuya a ƙasan waya, shafin kuma ya ƙi jawuwa sama. Da aka bincika, cikin akwatunan da Nuru ya cire akwai ɗaya da ya ɗauka na banza ne, ashe shi ke sa shafi ya jawu a ƙananan wayoyi. A kunne komai daidai yake, muryar tana kaiwa ga maɓallin ta karanta shi. Mai ido ne kawai ba ya iya kaiwa gare shi.

Alhaji Muntari ya kira da kansa. Zinnira ta ce mini tana tsaye a wurin. Alhaji ya ce abin da yake gudu ke nan, kuma yana ganin a dakata haka. Nuru bai kawo uzuri ba. Ya ce kuskurensa ne, ya san akwatin, zai mayar da shi kafin la'asar, kuma ya mayar. Sannan ya nemi a ba shi lambar malamin dabbobin, ya kira shi ya ba shi haƙuri. Mutumin da ya ji ɗan Madadi ne, ɗan gidan Malam Ja'afaru, wato Baffa, mai jar saniyar nan, sai faɗa ya koma gaisuwa.

Ranar Asabar na same shi jikinsa a sanyaye. Ya ce wataƙila Alhaji ya yi gaskiya. Baffa yana gefe yana gyaran igiya, ban zaci yana bin zancen ba. Sai ya ce shi shekararsa hamsin yana kiwo da idonsa biyu, kuma bai taɓa fita da garke shi kaɗai ba in hanya mai nisa ce, dole wani a gaba wani a baya. Ya ci gaba da igiyarsa.

Badi'a ce ta tsaya masa a wurin Alhaji. Ta ce cikin mako ukun nan ta ƙara abu biyu a shafin, kowanne a yini ɗaya, alhali da sai ta yi mako tana addu'a. Suka tsara yadda za su yi. Duk abin da Nuru ya gyara, ita za ta duba da ido kafin a saki. Duk abin da ita ta rubuta, shi zai saurara. A gida kuma Zinnira ta tara wayoyi uku, tata, ta Inna da wata tsohuwa mai fasasshen gilashi, tana buɗe shafin a kowacce tana gaya masa abin da ta gani. Har ya koyi rubuta wasu 'yan gwaje-gwaje da kwamfuta ke yi da kanta, ta faɗa masa in wani maɓalli ya fita daga fuskar waya. Alhaji ya ƙara masa wata, sannan ya ƙara wani, daga nan ba a sake maganar wata ba.

Shafi ɗaya ya zama manhajar gaba ɗaya. Cikin shekara suka bi ta lungu lungu. Malaman dabbobi sun ce ta ɗan ƙara sauri a ƙananan wayoyi, amma Nuru ya ce wannan ba shi ne babban abin ba. Babban abin shi ne sabon ma'aikaci yana zuwa ya karanta ya gane a kwana biyu. Yana cikin wannan aikin ne ya lura yawancin maɓallan manhajar ba su da suna a ɓoye, muryar waya sai dai ta ce maɓalli kawai, ba ta san na mene ne ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa musu. Malam Jibirin yana da awaki bakwai a Kabo, shi aka fara ba wa ya gwada. Ya shigo ofishin malamai washegari yana gaya wa kowa cewa shi ya cika bayanan awakinsa da kansa, malamin dabbobi yana tsaye yana kallo.

Bara wata ƙungiyar matasa masu rubuta manhaja ta gayyace shi Kano ya yi magana. Na ɗauki izini a makaranta na bi su. Mutum kusan sittin ne a ɗakin, kowa da kwamfutarsa. Zinnira ta kai shi gaban tebur ta dawo kusa da ni. Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce kowa ya buɗe shafin da ya fi alfahari da shi, ya ba na kusa da shi, mai shafin kuma ya rufe ido a karanta masa layi layi, ya ɗaga hannu in ya ɓace. Aka yi dariya, aka fara. Ba a yi minti biyu ba hannaye suka fara tashi, dariyar kuma ta ragu. Wani saurayi a gaba ya tambaye shi ko ba ɓata lokaci ba ne, tun da waya ba ta damu da yadda aka rubuta ba matuƙar yana aiki.

“Waya ba ta damu ba,” Nuru ya ce. “Wanda zai gyara bayanka ne zai damu. Ni kuma na gano wani lokacin kai ne wancan mutumin.”

Daga nan ya sa aka haska tsohon shafinsa a bango, mai hawa ashirin da uku, ya ce wannan nasa ne, kada kowa ya ji kunyar nasa. Ya ɗauki yanki ɗaya ya warware shi a gabansu, kunne ɗaya da abin sauraro, yatsu suna tafiya, yana bayani yana yi. Ni ban gane rabin abin da yake faɗa ba. Na dai ga samari masu ido biyu sun miƙa wuya suna kwafa a littafi abin da ƙanena ke cewa, sai na ja mayafi na rufe fuskata na ɗan lokaci. Zinnira ta matse mini hannu ba ta dube ni ba.

Idon bai dawo ba, kuma likita ya ce kada mu sa rai. Akwai ranakun da abin ke taso masa, ya ƙi magana, musamman in Kamila ta kawo zane daga makaranta ta ce ya duba. Ba zan ce ya saba ba. Amma sun kama gida a cikin garin Gwarzo inda sadarwa ta fi ƙarfi, yana zuwa masallaci da sandarsa shi kaɗai, kuma yanzu babu abin da ake saki a kamfanin sai ya bi ta kunnensa. Sun sake haihuwa, namiji, aka sa masa Badaruddeen.

Makon jiya na biya ta wurinsu bayan an tashi daga makaranta. Na tarar yana waya da wani sabon ma'aikaci da ya turo masa shafi mai hawa tara yana cewa ba yadda za a rage shi. Ya amsa sallamata, ya ce Adda ki ba ni minti biyar. Zinnira ta dama mini fura, na sha, na yi wa jariri wasa, na yi la'asar. Ina jiyo shi daga ɗaki yana cewa a'a, karanta mini daga farko, a hankali, me wannan akwatin yake yi. Da na ga motar Kabo za ta wuce ni, na leƙa na ce na tafi. Ya ɗaga mini hannu, ya rufe bakin wayar ya ce in gaida yara, zai kira ni, ya koma kan aikinsa.